Cire gashi da leza

Cire gashi da leza wata hanya ce ta rage gashin da mutum bai so a jikinshi, ana haska fata da wani haske mai ƙarfi, baƙin launin da ke cikin gashin wato melanin shi ke zuƙe hasken ya koma zafi, zafin ya bi har saiwa ya ƙona ta. Theodore Maiman ne ya ƙera leza ta farko a Amurka a 1960, a 1983 kuma Rox Anderson da John Parrish suka bayyana yadda za a ƙona abu guda cikin fata ba tare da an taɓa na kewaye da shi ba, a kan wannan ne aikin ya ginu har aka fara yi ma mutane cikin shekarun 1990.

Yadda ake yi

Ba a zama ɗaya a gama. Gashin da ke cikin tsiro kaɗai hasken ke kashewa, kuma ba duka ke tsiro lokaci guda ba, shi ya sa ake komawa kamar sau 6 zuwa 8, da tazarar sati 4 zuwa 8. Ko an gama ragewa yake, wani yakan dawo siriri. Furfura kam ba ta ji sam tunda babu baƙi cikinta.

Wurin da ya fi shafarmu shi ne launin fata. Melanin ɗin da ke cikin gashi akwai shi cikin fatarmu da yawa, to in aka ɗauko injin da aka yi don farar fata kamar alezandirit mai tsawon zango 755 (wato lambar da ke nuna irin hasken da injin ke fitarwa) aka haska ma baƙin mutum sai fatar ta sha zafin, a samu ƙuna ko tabo ko dabbare-dabbare. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne Nd:YAG mai 1064, yana shiga can ciki bai tsayawa sama. Duk wadda za ta je ta tambayi sunan injin tukuna, kuma in tana shafa man bilicin ta faɗa ma lokotoro gaskiya don fatarta ta riga ta yi laushi.

Su wa ke bukata

Akwai masu yi don kwalliya, sun gaji da reza da halawa. Amma akwai matan da gemu da gashin baki ke fito musu, kusan 5 zuwa 10 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa, kuma galibi sanadin shi ne rikicewar sinadaran jiki da ake kira PCOS, mai zuwa da rikicewar al'ada da wuyar samun ciki. Nan Maradi sai an ƙara da ƙwayoyin ƙiba irin su dezametazon da ake saye a tebur da mayukan bilicin masu kotizon, su ma suna tsiro da gashi. Yarinya tana ja da mayafi har hanci a gidan biki, ana ta yi da ita wai mai gemu, wallahi wannan ba ƙaramin ciwo ba ne. In kuma gashin ya taso farat ɗaya murya ta yi kauri to a ruga asibiti, yana iya zama ƙari. Maza masu ƙurajen aski da suka ƙi ji su ma leza na taimakonsu sosai.

Ya kamata gwamnati ta biya?

A Ingila asibitin gwamnati bai cika biya ba, sai in an duba an ga lalura ce ta musamman. Nijar kuwa abin da aka yafe tun 2005 da 2006 shi ne tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tsarin iyali. Masu cewa kada a biya hujjarsu mai ƙarfi ce, wanda ya ga yadda ɗakunan yara ke cika da masassara da tamowa lokacin damina ba zai so a kwashi kuɗin a sayo injin da ke son kuran marar yankewa da gwanin da zai riƙe shi ba.

Ni dai inda na tsaya, na kwalliya kowa ya biya da aljihunshi, amma kuskure ne a jefa mace mai gemu cikin layin kwalliya. Abin da ya kamata gwamnati ta fara ɗauka shi ne binciken sanadi, eko da awon jini, sannan magani, tunda ƙwayoyin tsarin iyali waɗanda dama can kyauta ne suna daga cikin abin da ake ba masu PCOS, akwai kuma sipironolaton wanda ba a sha da ciki. Maganin yakan ɗauki wata 6 kafin a ga canji. In an yi haka gashin fuska bai ragu ba, sai a samu inji guda mai 1064 a babban asibitin jiha, hannun likitan fata, a rangwanta ma wadda ta zo da takardar lokotoro.