Salula da Linux: ku karanta kafin ku sake zuwa shagona

Tun da na fara saka wa mutane Linux Mint, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a tsofaffin kwamfutocinsu a nan Maradi, tambayoyi iri ɗaya nake amsawa safe da yamma. Bakina ya gaji, ga su a rubuce.

Na jona salula da kwamfuta, amma ba ta gan ta ba.

Buɗe makullin salular, ka jawo allon daga sama, ka zaɓi tura fayil maimakon caji. In har yanzu shiru, igiyar ce. Akwai igiyoyin da wuta kaɗai suke ɗauka, irin masu arahar nan na bakin tasha. Sake wata.

Babu wata hanya sai igiya?

Akwai. Manhajar KDE Connect, kyauta. Ka saka shi a salula da kwamfuta, su biyun su hau Wi-Fi ɗaya, ka amince da haɗin. Yana tura fayil, yana nuna saƙonni a allon kwamfuta, har ya sa salula ta yi ƙara in ta ɓace cikin gida. Masu Ubuntu, wani nau'in Linux, su nemi GSConnect, aikinsu ɗaya.

Zai cinye mini mega?

A'a, Hajiya, kwantar da hankalinki. Tsakanin na'urorin biyu fayil yake tafiya. In babu Wi-Fi a gida, kunna hotspot na salular, ki kashe data.

Ina son hotuna su riƙa shiga kwamfuta da kansu, in goge na salula in samu wuri.

To, a nan ake kuka. Syncthing, wata manhaja daban, yana wannan aiki, amma ka fahimci halinsa: daidaita ɓangarori biyu yake yi, abin da ya faru a nan sai ya faru a can. Ka goge hoto a salula, shi ma ya goge shi a kwamfuta. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa mini da hotunan sunan ɗiyarsa sun tafi ta haka, yana ta jujjuya salula a hannu kamar za su faɗo. Wasu suna cewa a mai da jakar salula ta zama mai aikawa kawai. Wannan yana hana kwamfuta taɓa salula, amma gogewar da ka yi a salula za ta isa can duk da haka. Abin da ni nake yi: na kunna ajiyar tsofaffin kwafi a ɓangaren kwamfuta, sa'annan duk Juma'a in kwashe hotunan da hannu zuwa wata jaka da Syncthing bai san da ita ba. Sai na buɗe biyu ko uku na ga suna nan kafin in goge komai. Ko da haka ba zan rantse maka ba, don in kuran ya ɗauke ana tsakiyar aiki, wasu ba su ƙarasa wucewa ba. Kuma manhajar Syncthing ta asali ta Android an daina sabunta ta a ƙarshen 2024, Syncthing-Fork ake sakawa yanzu, yana F-Droid, rumbun manhajojin Android na kyauta.

KDE Connect jiya ya yi, yau ya ƙi.

Salularka ce ta kashe shi don tattalin batir. Cire shi daga wannan tsarin. In kuma ka kunna katangar tsaro, wato firewall, a kwamfuta, buɗe ƙofofi 1714 zuwa 1764, TCP da UDP. Sau nawa zan faɗa?

iPhone fa?

Da KDE Connect fayil yana wucewa. Saƙonni kam, Alhaji, ka haƙura.