Rayuwar soja a barikokin Legas lokacin yaƙi

A manyan yaƙe-yaƙen da sojan Nijeriya ya shiga a ƙarni na 20, ba a Legas aka gwabza ba, amma ta nan mayaƙa suka riƙa fita, ta nan kuma masu sauran kwana suka dawo. Ga Bahaushen da ya ɗauki kaki, Ikko, wato Legas, ita ce zangon ƙarshe tsakaninsa da gida. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Iddo, ya yi 'yan makonni ko watanni a bariki, jirgin ruwa ya ɗauke shi daga Apapa.

Asali

Alaƙar Hausawa da aikin soja a Legas ta girmi Nijeriya kanta. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya tara 'yan tsirarun Hausawa, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu, ya ba su bindiga. Daga wannan ƙaramar runduna sojan ƙasa na Nijeriya ke ƙirga tarihinsa. Da aka kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga (Frederick Lugard) a ƙarshen ƙarni na 19, Hausa ta zama harshen ba da umarni, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta. A bakin Tibi da Zabarmawa da Barebari da sauran kurata ta rikiɗe ta zama Barikanci, Hausar da ba ta damu da bambanta namiji da tamace ba.

Yini a bariki

Begila ke tayar da soja da asuba, ita ke kiransa fareti, ita ke sallamarsa da dare. Tsakanin nan akwai atisaye, goge bindiga, wankin kaki, sharar layi da gadi. Kofur da saje ke bin kurtu a kan ƙananan abubuwa, sajamanja kuwa shi ne uban bariki, wanda ya yi laifi ya kwana a gadurum. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu sojan Afirka ta Yamma yakan yi fareti da jar dara da gajeren wando, ƙafarsa ba takalmi. Yaƙin ne ya sa aka raba takalma ga kowa.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne, barikin lokacin zaman lafiya gari ne na iyali. Soja na zaune da matarsa a layi, ita ke dafa masa tuwo da kuɗin abincin da ake ba shi. Matan suna da shugabarsu, magajiya, wadda ke sasanta rigima, ta sa ido kan tsabta, ta kai kukan mata gaban manya. Sunan ya ɗore har yau a barikokin Nijeriya, har a bakin waɗanda ba su jin Hausa. Akwai kuma kasuwar bariki, inda soja ke sayen goro da taba da sabulu, ya ci bashi har ƙarshen wata. Akwai liman, akwai masallaci, akwai coci.

Yaƙi ya zo ya raba wannan gida biyu. Ba a tafiya ƙetare da mata, saboda haka mutumin da bai taɓa ɗora tukunya ba ya koma cin abincin kukun kamfani, matar kuma ko ta zauna a layi tana jira, ko ta hau jirgi ta koma wajen danginta a Arewa.

Wasiƙa da kuɗi

A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya ta teku, daga can suka shiga dazuzzukan Bama don yaƙar Japanawa. Wasu 'yan Nijeriya sun riga sun yi yaƙi da Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1941. A kwarin Kaladan na Bama jiragen sama ke jefo wa runduna ta 81 abinci da harsashi, 'yan dako na ɗauke kaya a ka inda mota ba ta shiga.

Igiya biyu suka riƙe sojan da gida. Ta farko kuɗi: ana yankar wani kaso na albashinsa a biya matarsa ko iyayensa ta ofishin hukuma a garinsu. Ta biyu wasiƙa. Mafi yawan kurata ba su yi boko ba, sai su nemi wanda ya iya ya rubuta musu, wanda ya yi allo kuma ya rubuta da ajami. A can gida ma sai an nemi malami ko akawu ya karanta, don haka wasiƙar miji ga matarsa ba ta da sirri, ga kuma hafsan da ke duba ta kafin ta fita, ya soke sunan wuri da duk abin da zai amfani abokan gaba. Abin da ya rage gaisuwa ce ga kowa da sunansa, tambayar damina da lafiyar tsofaffi, da umarnin yadda za a raba kuɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara biyu bai ga gida ba. Da yawa sun koyi karatu a aji na soja saboda su rubuta da hannunsu. Labarin yaƙi kuwa yana isa Arewa ta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939.

Yawancinsu sai 1946 suka dawo. Asibitin ƙashi na Igbobi ya samo asali ne daga wurin jinyar sojojin wannan yaƙi. Wasu 'yan mazan jiya sun wuce gida, wasu sun tsaya a Legas suna gadi, tuƙi ko aikin ɗan sanda, suka ƙara yawan Hausawan Obalende da Agege da Idi-Araba.

Sunayen barikoki

Taswirar Bama tana nan a bakin direbobin Legas. Barikin Myohaung da na An a Yaba, na Arakan da na Tamandu a Apapa, da na Dodan a Ikoyi, duk sunayen wuraren da aka yi wannan yaƙi ne. An kama Myohaung a Janairun 1945. Hedikwatar runduna ta 81 ta sojan Nijeriya a yau tana Victoria Island.

Bayan 'yanci

A yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, sojan ƙasa ya kumbura daga kusan 10,000 zuwa wajen 250,000, barikoki suka yi kaɗan, sojoji da iyalansu suka bazu cikin unguwanni. Daga Legas rundunar Benjamin Adekunle ta tashi ta ruwa ta kama Bonny a Yulin 1967, a barikin Dodan kuma Philip Effiong, jagoran Biyafara na ƙarshe, ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon ranar 15 ga Janairu, 1970, ranar da ta zama ta tunawa da 'yan mazan jiya. A 1990 aka fara tura sojoji Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Yau sojan da aka ɗauke daga Ikeja ko Ojo zuwa Borno yana kiran gida ta wayar salula idan akwai sabis, albashinsa na shiga banki, sau da yawa katin cirar kuɗin yana hannun matarsa a bariki.