Shin akwai garkuwar da za ta tare makamin nukiliya?

Tun daren Afrilun 2024 da Iran ta harba wa Isra'ila jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami sama da 300, aka kakkaɓo akasarinsu, musu ya kaure a teburan mai shayi na Wunti a Bauchi. Ga tambayoyin da suka fi yawo.

Yaya ake tare makami a sama?

Tauraron ɗan'adam ne ke fara hango zafin wutar tashinsa. Na'urar rada ta bi sawunsa, kwamfuta ta lissafa hanyarsa, sai a harba wani makamin ya tarye shi. Wasu ko nakiya ba su ɗauka, karo kawai suke yi da shi.

Ke nan Iron Dome, garkuwar tare rokoki ta Isra'ila, ta gama magana?

Ina! An fara aiki da ita a 2011 don ƙananan rokoki masu cin gajeren zango, irin na Gaza. Makamin da ke ƙetare nahiyoyi kuwa sai ya fita sararin samaniya, ya dawo da gudun kusan kilomita 7 a daƙiƙa guda, wato Bauchi zuwa Gombe cikin ƙasa da rabin minti. Yana kuma iya sakin kawunan bogi don rikita rada.

Amurka fa, da duk kuɗinta?

Tana da makaman tarewa 44 a Alaska da Kalifoniya. An girke su ne saboda irin su Koriya ta Arewa, wadda ta fara gwajin nukiliya a 2006, ba don dubban kawunan nukiliyar da Rasha ta tara ba. Ko a gwajin da aka shirya tsaf, ba kullum suke dacewa ba. A yaƙin rokoki, wanda ya tare tara cikin goma ya yi bajinta. Idan nukiliya ce, ɗayan da ya kuɓuce ya isa ya shafe birni, kamar Hiroshima a 1945. A ganina tsoron ramuwa ne ke riƙe hannun manyan ƙasashe, garkuwar ba ta kai nan ba.

Mu ina ruwanmu?

Da ruwanmu, don ƙurar nukiliya iska take bi. A 1960 Faransa ta yi gwaje-gwajen bam a Reggane cikin Saharar Aljeriya, hamadar da hunturu ke kaɗo mana ƙura daga cikinta. Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan Bauchi, ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda waɗannan gwaje-gwajen. A 1996 kuma ƙasashen Afirka suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makamin a nahiyar.