Farashin littattafan soyayya na intanet

Farashin littafin soyayya na intanet shi ne kuɗin da mai karatu ke biya domin karanta labarin da ba a buga a takarda ba, ko a waya ko a kwamfuta. Littafin takarda yana da kuɗin ɗab'i, kuɗin ɗauko shi daga Kano zuwa kasuwar Sabon Gari ta Zariya, da ribar dillali, kuma waɗannan ne ke yanke farashinsa. Na intanet kwafinsa na dubu ba ya cin ko sisi fiye da na farko, saboda haka abin da ke yanke farashinsa shi ne hanyar karɓar kuɗi, kason da dandali ke cirewa, da tsawon lokacin da labarin zai yi kafin ya fita waje kyauta.

Zariya ta daɗe a harkar littafin Hausa. A nan Hukumar Talifi ta shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 da kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) a 1966. Littattafan soyayya na zamani kuwa a Kano suka bunƙasa tun tsakiyar shekarun 1980, marubuta na buga abinsu da kuɗinsu. Wannan al'adar ta marubuciya ta zama ita ce mai bugawa kuma mai sayarwa ita ce ta dawo waya kusan yadda take.

Tsarin zaure

Hanyar da ta fi yaɗuwa tsakanin masu karatun Hausa ba ta bi ta kantin littafi ba sam. Marubuciya tana fara sakin shafukan farko kyauta a zaurukan WhatsApp, a Facebook ko a Wattpad. Idan labari ya kai inda rikici ya kulle, sai ta sanar cewa shafukan kyauta sun ƙare, ta ajiye lambar asusun banki. Mai son ci gaba ta tura kuɗi, ta aika hoton shaidar biya, a saka ta a zauren waɗanda suka biya. Wadda ba ta da asusu takan je wurin mai POS, ko ta tura katin waya, duk da cewa kati ba ya komawa tsabar kuɗi sai an yi asarar wani kaso.

Inda ake yanke shafukan kyauta shi ne ƙashin bayan tsarin. Idan aka yanke da wuri, masu karatu ba su shaƙu da taurarin ba, ba abin da zai sa su ciro kuɗi. Idan aka ja har aka warware babban ƙullin labarin, an ba da kayan an riƙe buhu. Wurin da ya dace shi ne bayan an san kowa, an fahimci abin da ke hana auren ko ke girgiza shi, amma kafin a ga mafita.

Sau da yawa farashin hawa biyu ne. Akwai zaure na gama-gari mai sauƙin kuɗi, inda shafi ke zuwa sau ɗaya a rana ko bayan kwana biyu, akwai kuma zaure na musamman da ake biyan ninki, inda ake samun shafuka da yawa kuma a riga kowa. Labarin ɗaya ne. Abin da ake saya da ƙarin kuɗin shi ne lokaci, da damar yin sharhi tare da marubuciya tun labarin yana da zafi. Duk wanda ya gane wannan ya gane kasuwar, domin da zarar an kammala littafi wani ya haɗa shafukan a fayil ɗaya, darajarsa takan faɗi cikin 'yan kwanaki.

Lissafin ba shi da wuya. A misali, idan mutum 200 suka biya naira 500, an tara naira 100,000. Idan 40 daga cikinsu suka zaɓi zauren naira 1,000, an ƙara 20,000. Daga nan za a cire kuɗin data, ladan mai taya buga rubutu idan akwai, da kuɗin talla a zaurukan wasu. Wahalar da ba a lissafawa ita ce tantance biya: duba kowace shaida da saƙon banki ɗaya bayan ɗaya, saboda ana tura shaidar bogi, kuma ana tura shaida ɗaya sau biyu da lambobi daban. Zauren WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024, kuma kowa na iya kwafe rubutu ya tura. Telegram yana ɗaukar har 200,000 kuma yana ba mai zaure damar hana turawa da ajiyewa, sai dai bai hana a ɗauki hoton allon da wata waya ba.

Masu son rage wannan wahala sukan yi amfani da kamfanonin karɓar kuɗi. Paystack, alal misali, yana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, amma ba ya cire wannan 100 ɗin idan cinikin bai kai naira 2,500 ba. Littafin naira 500 ke nan naira 7 da kwabo 50 kawai zai rasa, na naira 3,000 kuwa zai rasa 145.

Sulalla da kuɗin wata

Tsari na biyu shi ne na manhajoji, inda mai karatu ke sayen sulalla, wato kuɗin cikin manhaja, ta buɗe babi-babi da su. Wattpad, wanda aka kafa a Kanada a 2006 kuma kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saya a 2021, ya yi amfani da shi, akwai kuma manhajojin gida irin su ArewaBooks da marubutan Hausa ke saka littattafansu. Amfaninsa shi ne rubutu yana kulle a cikin manhaja, kuma biya yana tafiya da kansa. Aibinsa a ɓoye yake. Kuɗin babi ɗaya ƙanƙane ne, mai karatu ba ta ganin jimilla sai ta ƙare, kuma tsarin yana jan marubuciya ta tsawaita labari fiye da ƙarfinsa. Idan an sayi sulalla ta shagon Google ko na Apple, akwai kason da suke cirewa, tsakanin 15 da 30 cikin 100, kafin manhaja ta cire nata.

A tsarin kuɗin wata kuwa ana biya sau ɗaya a karanta iya ƙarfi. Kindle Unlimited na Amazon, wanda ya fara a 2014, shi ne ya fi shahara, kuma tun 2015 yana biyan marubuci ne bisa yawan shafukan da aka karanta. Sharaɗinsa kada a sayar da littafin a wani dandali na tsawon kwana 90. Masu karatun soyayya da Turanci sun rungume shi saboda suna cinye littafi da sauri.

Farashi tsayayye a kasuwar waje

Amazon ya fitar da na'urar karanta littattafai ta Kindle a 2007, yana sayen littattafai a farashin sari ya sayar da da yawa a dala 9.99. A 2010 Apple da manyan kamfanonin ɗab'i suka kawo tsarin da mai littafi ke yanke farashi, dandali ya ɗauki kashi 30. Gwamnatin Amurka ta kai su ƙara a 2012 bisa haɗa baki wajen ɗaga farashi, a 2013 kotu ta sami Apple da laifi, daga baya ya biya dala miliyan 450.

Ga mai buga littafinta da kanta, ƙa'idar da Amazon ya daɗe a kai ita ce kashi 70 idan farashi yana tsakanin dala 2.99 da 9.99, kashi 35 idan ya fita daga nan. Kashi 70 ɗin na cinikin wasu ƙasashe ne kawai, kuma Nijeriya ba ta ciki. Sannan babu yarjejeniyar haraji tsakanin Nijeriya da Amurka, don haka ana riƙe kashi 30 na abin da aka samu a cinikin Amurka. Littafin dala 2.99 mai nauyin megabayit ɗaya, bayan kuɗin isarwa na santi 15, yana barin kusan dala 1.99, bayan haraji kusan 1.39. Ga ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ko Kongo a Zariya kuma farashin dala ya yi nauyi ƙwarai tun bayan da aka sakar wa kasuwa farashin naira a Yunin 2023. Wannan kasuwa ta fi dacewa da mai rubutu da Turanci ko mai neman Hausawa mazauna waje.

Abubuwan da ke lalata ciniki

Dandali yana iya rufewa. OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka dogara da shi, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Kindle Vella, tsarin babi-babi na Amazon, ya fara a 2021 ya rufe a Fabrairun 2025. Marubuciyar da ba ta ajiye asalin rubutunta a wuri biyu ba, kuma ba ta da zaurenta na masu karatu, tana iya wayar gari ba littafi ba kasuwa. Kafin a sa hannu da kowace manhaja ya kamata a duba abu uku: ko an hana sayarwa a wani wuri, mafi ƙarancin kuɗin da za a iya cirewa, da wanda ke riƙe da haƙƙin mayar da labarin fim ko sauti.

Haƙƙin sauti ya zama abin kula saboda tashoshin YouTube masu karanta littattafan Hausa. Tasha tana fara samun kuɗin talla idan ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma mai tasha yana ɗaukar kashi 55. Karanta littafin wani ba da izini ba keta haƙƙi ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da yardarsa ba. YouTube ma yana da fom na kai ƙorafi.

Akwai kuma matsalar fayil ɗin kansa. PDF da aka tsara da girman takardar ofis yana fitowa da ƙananan haruffa a waya, mai karatu ta yi ta ja da yatsa. Fayil nau'in EPUB kuwa yana daidaita rubutu da girman allo. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, sukan koma akwatuna idan ba a cusa nau'in rubutun da ke ɗauke da su a cikin fayil ba, shi ya sa ake gwada shi a ƙaramar waya mai araha kafin a tura wa wadda ta biya ta farko.