Wai mece ce "ribar yawan jama'a" da ake ta faɗa a rediyo?

Tun da Tarayyar Afirka ta maida maganar nan taken shekarar 2017, duk ɗan siyasar da ya samu makirfo sai ka ji ya ce ai mun haura miliyan 200, yawanmu riba ne. Abin da ke ba ni haushi ke nan, don kalmar ba yawan kai take nufi ba ko kaɗan.

Asalinta dibiden ne, wato ribar da kamfani ke raba wa masu hannun jari, ita ce dai aka mayar mana "romo" a romon dimokuraɗiyya, shi ya sa mutane suka ɗauka abu ne da za a zubo a kwano a miƙo maka kana zaune.

Ɗauki gida biyu, kowanne mutum goma. Na farko maigida kaɗai ke fita nema, baki tara na jiran cefane, kafin wata ya yi nisa buhun masara ya ga ƙasa, kuɗin makaranta kuma sai an ciwo bashi. Na biyu mutum shida ke fita, wannan tela, wannan malamar asibiti, wancan direba, yara huɗu kawai ake ciyarwa, to nan ne ake samun rarar da za a yi adashi har a sayi fili. Yawansu ɗaya fa. Ribar tana zuwa ne lokacin da haihuwa ta ragu, masu ƙarfin aiki suka rinjayi waɗanda ake ɗaukar nauyinsu, kuma aikin ya samu.

Koriya ta Kudu haka ta yi, a 1960 mace kan haifi kusan shida, suka haɗa tsarin iyali da makaranta da masana'antu a lokaci guda. Amma abin ba ya dawwama, a 2023 adadin ya faɗi zuwa 0.72, yanzu gwamnatinsu roƙon mutane take su haihu.

Mu kuwa Buhari ya ƙaddamar da sabuwar manufar yawan jama'a a Fabrairun 2022, takarda ce mai kyau, sai dai ni ban ga alamar ma'aikatar lafiya da ta ilimi da ta ƙwadago suna jan igiya ɗaya ba, balle jihohi. Kuma rabon da a ƙirga mu tun 2006, ƙidayar 2023 aka ɗage ta, miliyan 200 ɗin ma da ake tinƙaho da ita ƙiyasi ne.