Korona ba ta sauya halin mutanen Makka ba

An daɗe ana cewa babbar musiba takan sauya halin jama'a har abada. Mu Hausawan Makka mun sha jin wannan a 2020, da aka kewaye Ka'aba da shinge, aka lilliƙa alamun tazara a daɓen Harami, 'yan tsirarun mazauna ƙasar kaɗai suka yi Hajji. Wasu har rantsuwa suke yi wai musabaha ta kau ke nan.

Ina! A 2023 alhazai sun haura miliyan 1.8, ana turereniya a Hajarul Aswad kamar da. Abin da ya zauna daram shi ne tsarin hukuma, wato neman izini ta waya. Yau tsohuwa daga Kano sai jikanta ya kama mata lokaci a Nusuk, manhajar waya ta hukumar Saudiyya, kafin ta shiga Rauda a Masallacin Annabi da ke Madina.