Gwajin Aminci da Ƙarko na Mitar Awon Lantarki ta Hannu

Mitar awon lantarki ta hannu, wadda masu wayarin da masu gyaran rediyo da talabijin suke kira maltimita ko kuma mita kawai, ƙaramar na'ura ce da ake auna ƙarfin wuta (volt) da yawan gudunta (amfiya) da kuma turjiyar waya (om) da ita. Ba ita ce mitar da kamfanin wuta yake kafawa a bango don lissafin kuɗi ba. Gwajin amincinta shi ne jerin jarrabawar da ake yi mata a ɗakin bincike kafin ta shiga kasuwa, don a ga yadda za ta yi idan wutar da ta fi ƙarfinta ta shige ta, ko ta faɗi ƙasa, ko ƙura da ruwa suka shiga cikinta, ko mai ita ya yi kuskure. Ba daidaiton awo kaɗai ake nema ba. Babbar tambayar masu gwaji ita ce: ranar da na'urar za ta mutu, za ta mutu ita kaɗai ne ko za ta tafi da hannun mai riƙe da ita?

Asali

Ana danganta maltimita ta farko ga Donald Macadie, injiniya a hukumar gidan waya ta Birtaniya, wanda ya gaji da ɗaukar na'urori daban-daban zuwa aikin layin tarho. Na'urarsa mai suna Avometer ta shiga kasuwa a 1923, mai allura ce kuma mai nauyi. Masu nuna lamba a fuska sun yaɗu ne daga ƙarshen shekarun 1970, bayan fitowar irin su Fluke 8020A a 1977. Da suka yi araha suka shiga aljihun kowane mai gyara, sai aka riƙa kai su wuraren da ba don su aka ƙera su ba, har bakin taransifoma.

Ƙa'idar da duniya take bi a yau ta fito ne daga IEC, hukumar tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya, wadda aka kafa a 1906 kuma take da mazauni a Janeba ta ƙasar Suwizalan. Kundinta mai lamba IEC 61010-1 shi ne na gama-gari ga kayan awo da na ɗakin bincike. Akwai rassansa: 61010-2-033 na maltimitar hannu, 61010-2-032 na masu baki kamar awartaki da ake maƙalawa a jikin waya, sai 61010-031 na wayoyin gwaji da tsinkayensu.

Rukunin CAT da gwajin bugun wuta

Wutar gida a Nijeriya volt 230 ce a ƙa'ida, ta layi uku kuma kimanin 400. Mutum zai ɗauka na'urar da aka rubuta wa 600 ko 1000 ta wadatar. Matsalar ita ce wutar layi ba ta zama a inda aka ajiye ta. Idan aradu ta faɗa kusa da turakun wuta, ko aka kashe babban inji a masana'anta, ko aka dawo da wuta bayan ɗaukewa, akan samu bugu na dubban volt da yake wucewa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Bugun da kansa ba ya daɗewa. Abin tsoro shi ne ya haddasa tartsatsi tsakanin ƙarafa biyu a cikin na'urar, domin iskar da tartsatsin ya ratsa takan zama hanya, sai dukan ƙarfin layin ya bi ta. Wannan harshen wuta zafinsa yakan kai kusan digiri 19,000 a ma'aunin Selshiyas, yana narka tagulla ya watsa ta a fuskar mai aiki.

Saboda haka aka kasa wuraren aiki rukuni-rukuni gwargwadon kusancinsu da tushen wuta, ana kiran kowane rukuni CAT (daga kalmar Turanci category, wato rukuni). CAT II na kayan da ake sokawa a soket ne, kamar firji da fanka da talabijin. CAT III na wayarin ɗin da aka kafa a gini ne: allon rarraba wuta, manyan makunnai, injinan da aka haɗa kai tsaye. CAT IV kuwa na mashigar wuta ne, daga turke zuwa mitar kamfani, da duk layin da yake waje a fili. A da akwai CAT I, amma fitowa ta uku ta kundin IEC 61010-1, a 2010, ta cire shi daga jerin rukunan awo. Dalilin wannan rabo shi ne doguwar waya takan rage kaifin bugu kuma ta taƙaita yawan wutar da za ta iya kwarara. Wanda yake aiki a soket ɗin ɗaki yana da wannan kariya, wanda yake gindin taransifoma ba shi da ita.

A ɗakin gwaji ana kwaikwayon wannan bugu da inji na musamman. Bugun yana hawa ƙololuwa cikin maikurosakan 1.2 (maikurosakan shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa), ya sauko zuwa rabi cikin maikurosakan 50, kuma ana maimaita shi sau da dama ana juya fuskar wutar. Na'ura mai alamar CAT II 600 V sai ta jure volt 4,000. Mai CAT III 600 V, volt 6,000. Mai CAT III 1000 V da mai CAT IV 600 V duka volt 8,000 ne, ita kuwa CAT IV 1000 V har 12,000.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. CAT II 1000 V da CAT III 600 V duka da bugun volt 6,000 ake gwada su, har mai saye ya zaɓi ta 1000 yana ganin ta fi. Amma injin gwajin CAT II yana da turjiyar om 12 a cikinsa, na CAT III kuwa om 2 kacal. Idan aka raba 6,000 da 12 an samu amfiya 500, idan aka raba da 2 an samu 3,000. Wato duka ɗaya ne a suna, amma sandar da ake dukan CAT III da ita ta ninka ɗayar shida. A allon rarraba wuta, mai ƙaramar lambar ce ta fi aminci.

Tazara a cikin na'ura

Masu gwaji sukan buɗe na'urar su auna tazara iri biyu. Ta farko ita ce nisan da yake tsakanin ƙarafa biyu ta cikin iska. Ta biyu ita ce nisan da wuta za ta yi idan ta rarrafa ta kan allon da aka dasa sassan na'urar a kansa ko jikin roba. Ta biyun ce ƙura da danshi suke cinyewa, domin datti mai laima yana ɗaukar wuta, a hankali ya ƙona siririn layi baƙi a kan allo wanda ba ya goguwa. Shi ya sa a na'urori masu kyau ake ganin an tsaga allon kusa da ramukan shigar waya, wani lokaci har da katangar roba da take shiga tsagar. Alamar murabba'i cikin murabba'i a bayan na'ura tana nufin rufin kariyarta ninki biyu ne. Ana kuma gwada robar jikin da harshen wuta, kuma a ma'aunin UL 94 matakin V-0 yana nufin ta mutu da kanta cikin daƙiƙa 10 bayan an janye wutar.

Fis da kuskuren mai aiki

Mafi yawan abin da yake kashe maltimita ba aradu ba ce, mantuwa ce. Idan ana awon volt, na'urar tana da turjiya kimanin om miliyan 10, wuta kaɗan ce take shiga. Idan kuwa aka mayar da jar waya ramin amfiya 10, abin da yake tsakanin tsinkayen biyu guntun ƙarfe ne mai turjiya kamar kashi ɗaya cikin ɗari na om. Mai gyara ya gama auna cajin batir, ya manta bai mayar da wayar ba, ya soka tsinkaye a layin wuta: ya haɗa waya da waya ke nan da hannunsa.

Abin da ya rage tsakaninsa da gobara shi ne fis, wato ɗan zaren ƙarfe da yake narkewa ya yanke wuta idan ta yi yawa. Ƙaramin fis na gilashi, irin mai tsawon milimita 20 da ake samu a rediyo, an yi shi ne don volt 250, kuma abin da zai iya yankewa lafiya bai wuce amfiya 35 ko makamancin haka ba. Idan dubban amfiya suka bi ta cikinsa, zaren zai narke amma tartsatsin zai ci gaba, gilashin ya fashe. Fis ɗin da ake sa wa na'urorin CAT III da CAT IV na tangaran ne cike da yashi mai tsabta. Yashin yana shanye zafin ya narke ya toshe hanyar. Waɗanda aka saba gani su ne na amfiya 11 da na miliamfiya 440, duka na volt 1000, masu iya yanke amfiya dubu 10 zuwa dubu 20. Suna da tsada, guda ɗaya yakan fi kuɗin ƙaramar mita gaba ɗayanta, kuma wannan ne yake sa wasu su naɗa zaren waya ko takardar azurfar kwalin taba a gurbinsa. Na'urar za ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, sai dai duk gwajin da aka yi mata a masana'anta ya tashi a banza. A ƙananan mitoci masu araha ma ramin amfiya 10 ba shi da fis sam, kuma sukan rubuta hakan da ƙananan haruffa a gefen ramin.

Ƙa'idar ta ɗauka cewa mutum zai yi kuskure, don haka ake yin kuskuren da gangan a ɗakin gwaji. Ana sa wa na'urar cikakken ƙarfin wutar da aka rubuta mata alhali an murɗa ta zuwa awon om ko awon haɗuwar waya. Ana kuma lalata sassanta ɗaya bayan ɗaya a ga ko mutuwar abu guda za ta jawo gobara ko jan wuta. A ɓangaren volt da om, kariyar takan dogara da wani ɗan ƙwaya da turjiyarsa take hawa idan ya yi zafi, da wasu faya-fayai da suke shanye bugu idan ya haura iyaka.

Wayoyi da tsinkaye

Amincin na'ura ba ya wuce na wayar da aka soka mata. Mita CAT IV da waya CAT II ta zama CAT II. A CAT III da CAT IV ba a yarda ƙarfen bakin tsinke ya fito fiye da milimita 4 ba, don kada ya taɓa ƙarafa biyu lokaci guda a cikin matsatsin akwati. A CAT II an yarda har milimita 19, shi ya sa tsinkaye da yawa suke zuwa da hular da ake cirewa. Ana gwada wayoyin da ja da lanƙwasa, musamman a wuyan da suka haɗu da tsinke, inda suka fi karyewa. Wayar da ta karye daga ciki ta fi wadda ta tsage haɗari, domin na'urar za ta nuna sifili a kan layi mai rai.

Faɗuwa, ƙura da zafi

Kundin IEC 61010-1 ya ce a saki na'urar hannu daga tsayin mita 1 a kan katako mai tauri mai kaurin milimita 50 da aka shimfiɗa a kan daɓe. Ba a damu da ƙujewa ba, abin dubawa shi ne kada ta buɗe har yatsa ya kai ga ƙarfe mai wuta, kada kuma tazarar ciki ta ragu. Wasu kamfanoni suna wuce wannan da nisa, suna gwada nasu daga mita 3 ko 4, tsayin da ya fi kama da na tsani.

Juriyar ƙura da ruwa da lambar IP ake bayyana ta, bisa kundin IEC 60529. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 tana jure ƙura gwargwado da fantsamar ruwa. IP67 ƙura ba ta shigarta ko kaɗan, kuma tana iya zama a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30.

Yanayin da ƙa'idar ta ɗauka a matsayin na yau da kullum shi ne zafin digiri 5 zuwa 40 da tudun da bai wuce mita 2,000 ba, domin iskar kan dutse ba ta riƙe wuta kamar ta ƙasa. Daidaiton awon da ake bugawa a takarda kuwa yawanci na digiri 18 zuwa 28 ne. Duk wanda ya san bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya san a watan Afrilu zafi yana haura 40 a inuwa, balle a kan kwanon rufi inda masu haɗa sola suke wuni. Ga ƙurar hunturu da take shiga ramukan na'ura ta kwanta, damina ta zo ta jiƙa ta. Aikin sola yana da nasa haɗarin daban: jerin faranti yakan ba da ɗaruruwan volt, a manyan tashoshi har 1000 ko 1500, kuma wuta ce mai tafiya fuska ɗaya. Wutar layi tana komawa sifili sau 100 a daƙiƙa, abin da yake taimaka wa tartsatsi ya mutu. Ta sola ba ta da wannan hutun, idan ta kama sai ta ci gaba da ci.

Wa ya yi gwajin?

Buga CAT III a fuskar na'ura fenti kawai yake buƙata. Hukumar IEC tana rubuta ƙa'ida ne, ba ta gwada kayan kowa. Alamar CE ta Tarayyar Turai, a irin waɗannan kaya, shelar mai ƙera ce da kansa cewa ya bi doka. Shaidar da ta fi nauyi ita ce tambarin ɗakin gwaji mai zaman kansa, kamar UL ta Amurka da aka kafa a 1894, ko CSA ta Kanada, ko TÜV ta Jamus, ko ETL ta kamfanin Intertek. Su ma ana kwaikwayon tambarinsu, amma suna da rajista a intanet da ake iya duba sunan kamfani da samfurin na'ura. A Nijeriya, kayan lantarkin da ake shigowa da su suna ƙarƙashin tsarin SONCAP na hukumar kula da ingancin kaya ta SON.

Bayan na'ura ta bar masana'anta, daidaitonta akan duba shi sau ɗaya a shekara a ɗakin awo mai shaidar ISO/IEC 17025. Akwai kuma gwajin da mai aiki yake yi da kansa kafin ya taɓa waya da hannu: ya fara auna wurin da ya tabbata akwai wuta, sannan layin da ya kashe, sannan ya koma wurin farko. Idan batir ko waya ta mutu a tsakani, awo na uku ne yake tona asirin.